Guduma ko Awo: Wa Za a Ba Gyaran Boris ɗin Baya na Tsohuwar Corvette?



Yau za mu tsallaka Amurka, mu duba wata tsohuwar motar gudu mai kujera biyu, wato Chevrolet Corvette, musamman waɗanda aka ƙera daga 1963 zuwa 1982. Masu irin wannan mota suna da wata tambaya da ba ta tsufa a tsakaninsu: idan boris ɗin tayar baya ya fara kuka, wa za a miƙa wa aikin? Mai motar ne zai naɗe hannun riga ya yi da kansa? Bakaniken unguwa za a kai wa? Ko kuwa a kwance kayan a aika wa wanda ba shi da wata sana'a sai wannan? Wani zai ce boris ai boris ne, a fitar da tsoho a sa sabo, magana ta ƙare. To, a wannan mota magana ba ta ƙarewa a nan, kuma dalilin haka ne ya sa na ɗauko ta.

Kamfanin General Motors ya fara fitar da Corvette a 1953, a garin Flint na jihar Mishigan, inda aka ƙera guda 300 kacal a shekarar farko. Daga baya aikin ya koma garin Sant Luwis, kafin a mayar da shi Bolin Girin ta jihar Kentaki a 1981. A shekaru goma na farko, tayoyin baya suna haɗe ne da aksul guda, irin na akori-kura. A 1963 injiniya Zora Arkus-Duntov da abokan aikinsa suka sauya wannan tsari, suka ba kowace tayar baya 'yancin hawa da sauka ita kaɗai. Kowace taya tana da hannun ƙarfe da ya taso daga firam ɗin mota ya riƙe ta. Akwai gajeren shaf da yake kawo mata ƙarfin inji daga akwatin giya na baya, sannan ga sifirin da aka gicciya daga wannan gefe zuwa wancan. Tsarin ya yi kyau har kamfanin ya ci gaba da amfani da shi shekara ashirin. Ya ɗauki injuna manya, har da mai lita 7 da ƙarfin doki 435 da aka sayar daga 1967 zuwa 1969. Duk wannan ƙarfi, da nauyin bayan mota, da turin da kwana take yi wa taya, a kan boris biyu suke sauka a kowane gefe.

Bari mu leƙa cikin wurin. A ƙarshen hannun taya akwai gidan boris. Sandar da ake ɗaura taya a kanta ta ratsa ta cikinsa. A kan sandar akwai boris biyu, na waje da na ciki, masu 'ya'yan ƙarfe zubin mazurari, irin wanda Henry Timken ya yi wa rajista a 1898. Tsakanin boris ɗin biyu akwai guntun bututun ƙarfe, da wata siririyar washa. Kaurin wannan washa shi ne yake yanke hukuncin yawan wasan da sandar za ta yi ciki da waje. Littafin kamfanin ya yarda da wasa daga kashi 1 zuwa kashi 8 cikin 1,000 na inci. Gwanayen aikin ba sa tsayawa a nan, suna neman kashi 1 zuwa 2 ne. Don mu gane ƙanƙantar abin, silin gashin kan mutum yakan kai kimanin kashi 3 cikin 1,000 na inci. Ke nan ana neman sararin da bai kai kaurin gashi ba. Babu hannun da zai ji wannan, komai daɗewarsa a gareji. Sai da agogon awo mai allura.

A nan ne bakaniken da bai san motar ba yake faɗawa rami. A tayar gaba ta tsofaffin motoci, noti ne yake saita boris: ka ɗaure, ka sassauta kaɗan, ka juya taya ka ji, shi ke nan. Hannunsa ya saba da haka. A bayan Corvette kuwa, notin ba ya saita komai. Ana ɗaure shi tamau, zuwa lamba 100 a kan sifana mai awo bisa ma'aunin Amurka, sannan a soka masa fil. Idan ramin fil bai daidaita ba, ƙara ɗaurewa ake yi kaɗan, ba a sassautawa. In washar ta yi siriri, boris ya matsu. In ta yi kauri, ya yi lako-lako. Kuma tun da da ƙarfin injin matsi ake cusa boris ɗin a kan sandar, ba abu ne da za ka sa ka cire sau biyar kana gwaji ba, domin kowace cirewa tana iya lalata sabon boris. Shi ya sa masu aikin suke da wata sandar gwaji da aka ɗan rage wa kauri, wadda boris yake shiga ya fita a kanta da hannu. A kanta ake jera kayan babu giris, a ɗaure, a auna, a canza washa, a sake aunawa. Washoshin da ake sayarwa suna da tazara tsakanin wannan kauri da mai bi masa, don haka gwani yakan ɗora washa a kan injin wasa ƙarfe ya rage ta har ta ba shi lambar da yake so. Sai bayan nan ake cusa giris, a sa robobin da suke tare shi, a matse komai a kan sandar gaske sau ɗaya.

Me zai faru idan aka yi kuskure? Idan ya matsu, zafi ne zai taru, giris ya ƙone, boris ya liƙe da sandar. In abin ya yi muni sandar tana iya karyewa mota tana cikin gudu. Idan kuma ya yi sako-sako, sharrinsa birki yake nufa, kuma wannan shi ne abin da mutane da yawa ba su sani ba. Daga 1965 Corvette ta koma birkin faifai a tayoyi huɗu, kowane gidan birki da fistin huɗu. Irin na asali suna da ɗan sifirin a bayan kowane fistin, wanda yake sa shi jingine da takalmin birki kullum. Idan faifan yana layi, ko don wasan boris ko don bai zauna daidai ba, sai ya riƙa tura fistin ɗin ciki da waje a kowane juyi na taya, su kuma su riƙa zuƙo iska ta gefen robarsu zuwa cikin man birki. Mai mota ya taka birki ya ji ya yi laushi. Ya je a fitar masa da iska, bayan 'yan kwanaki abin ya dawo. Ya canza wannan ya canza wancan, alhali ciwon yana can cikin washar da wani ya zaɓa da ido. Ɗan hakin da ka raina, shi ke tsone maka ido.

Akwai kuma batun faifan kansa. Daga masana'anta, an manne faifan baya da sandar taya da ƙusoshin rifit, aka daidaita fuskarsa suna haɗe. Wanda zai kai ga boris ko ga takalman birkin hannu da suke ɓoye a cikin tsakiyar faifan, dole ya huda waɗannan ƙusoshi ya raba su. Mai hankali yakan yi alama tukuna, don faifan ya koma yadda ya fito, kuma ramin da ake saita birkin hannu ta cikinsa ya dace da na sandar. Bayan an haɗa, sai ya ɗora agogon awo a fuskar faifan ya juya, ya tabbatar layinsa bai wuce kashi 5 cikin 1,000 na inci ba. In ya wuce, ya gyara kafin mota ta bar wurinsa.

To jama'a, da wannan a zuciya, mu auna mutanen nan uku.

Na farko, mai motar da kansa. A Amurka mutane da yawa suna gyaran tsofaffin motocinsu a gida, kuma akwai waɗanda suka yi wannan aiki ya yi kyau. Amma sai mutum ya yi wa kansa adalci. Yana da injin matsi? Yana da sandar gwaji, da agogon awo, da sifana mai awo, da abin fitar da sanda ba tare da dagargaza zarenta ba? Sandar da ta shekara arba'in ko hamsin a wuri ɗaya ba ta fita da lallashi. Wanda ya kai mata guduma kai tsaye zai murje bakin zaren, wanda kuma ya danna ta ba tare da tokare wurin da ya dace ba zai lanƙwasa ƙarfen da yake riƙe gidan birki. Ga kuma doguwar ƙusar da ta haɗa hannun taya da firam, wadda tsatsa take liƙewa da bushinta, har sau da yawa sai an yanka ta da zarto. Idan mutum mota ɗaya gare shi, kuma sau ɗaya zai yi aikin a rayuwarsa, kuɗin kayan aikin kaɗai na iya kusantar ladan gwani. Abin da na fi gani da hikima shi ne raba aikin biyu: mai mota ya kwance hannuwan tayar in yana iyawa, ya kai wa masani ya haɗa cikinsu, shi kuma ya mayar.

Na biyu, bakaniken gari, ko garejin dillalin kamfani. Ba raini a cikin maganata. Mutum zai iya zama gwani a kan inji da giya da lantarki, amma bai taɓa buɗe bayan wannan mota ba. Ta ƙarshe mai irin wannan tsari ta bar masana'anta tun 1982. Daga ƙirar 1984 kamfanin ya koma boris ɗin da yake zuwa a rufe, an riga an saita shi, sai dai a kwance ƙusoshi a cire tsoho a ɗaura sabo. Haka akasarin motocin yau suke. Saboda haka bakaniken da ya koyi sana'a a shekaru talatin da suka wuce yana iya yin ritaya bai taɓa zaɓar washa da agogon awo ba. Allon kamfani a ƙofar gareji yana nuna irin motar da suke sayarwa ne, bai tabbatar da cewa akwai mai tuna aikin 1969 a ciki ba. Idan akwai wani dattijo a wurin da ya yi shi sau da yawa, kuma kayan aikinsa suna nan, madalla. Amma sai an tambaya an gani.

Na uku, masu wannan aiki kaɗai. A Amurka akwai ƙananan wurare da suka duƙufa a kan hannuwan tayar Corvette. Ana aika musu ta hanyar masu jigilar kaya, su wargaza, su kankare tsatsa, su duba ko hannun ya lanƙwashe ko ya tsage, su auna sandar, su haɗa, su mayar wa mai shi. Wasunsu kuma musaya suke yi: su ba ka wanda suka riga suka gyara, ka ba su naka, su riƙe wani kuɗi har sai tsohon ya iso hannunsu. Musaya ta fi sauri, amma tana da nata lissafin. Akwai ƙungiyar masu dawo da Corvette yadda take tun asali, NCRS, wadda aka kafa a 1974, kuma alƙalanta suna duba lambobi da kwanan watan da aka buga a jikin kayan mota. Wanda motarsa take da kayanta na asali, idan ya yi musaya, ya ba da abin da ba zai sake samu ba, darajar motar kuma na iya raguwa. Irin wannan mutum sai ya ce a gyara masa nasa a dawo masa da nasa, ko da zai jira.

Ra'ayina shi ne na ukun ya fi, amma ba don sunansa ba. Ko a cikin masu kiran kansu ƙwararru akwai na gaske akwai masu cika baki. Abin da yake raba su shi ne amsar da suke bayarwa idan aka tambaye su, kuma matambayi ba ya ɓata.

Tambaya ta farko: ta yaya ka tabbatar boris ne? Wannan tana da muhimmanci, domin a wannan mota gajeren shaf ɗin nan ba ƙarfi kaɗai yake kawowa ba, shi ne kuma yake riƙe saman taya. Idan ka ɗaga mota ka kama taya sama da ƙasa ka girgiza ka ji wasa, mai yiwuwa daga mahaɗan shaf ne, ko daga inda shaf ya shiga akwatin giya na baya, ko daga bushin sandar da take tokare ƙasan taya. Wanda ya girgiza taya sau ɗaya ya ce boris ne, ya yi gaggawa. Masani zai sa wani ya girgiza shi kuma ya leƙa ya ga inda motsin yake fitowa.

Ta biyu: nawa kake barin wasansa, kuma da me kake aunawa? Idan ya faɗi lamba, ya ɗauko agogon ya nuna maka, ga sandar gwaji a kan tebur, to ka zo wurin da ya dace. Idan ya ce kada ka damu, hannuna ya sani, ka yi masa godiya ka ja motarka.

Ta uku: washar da ka cire, ita za ka mayar? Mai son sauri yakan mayar da tsohuwar, yana ganin tun da ta yi aiki da farko za ta sake yi. Amma sabon boris ba ya zuwa daidai da tsoho kwabo da kwabo, kuma bututun da washar suna cinyewa. Dole a sake awo daga farko.

Ta huɗu: za ka rage kaurin sandar? Wasu sukan goge sandar don boris ya riƙa shiga da hannu, aiki ya yi sauƙi nan gaba. Akwai masu kare wannan dabara, akwai masu ƙin ta, domin zoben boris ɗin na iya riƙa juyawa a kan sandar yana cin ta. Ko wane ɓangare mutum ya bi, abu ne da ba a mayarwa idan an yi, saboda haka ba daidai ba ne a yi shi ba da sanin mai mota ba.

Ta biyar: wane boris za ka sa, kuma daga ina? Sunaye irin su Timken da SKF sanannu ne, kuma sanin nasu ne ya sa masu jabu suke kwaikwayon kwalinsu. Har ƙungiyar masu ƙera boris ta duniya tana da gangamin yaƙi da na jabu. A sayo daga amintaccen dillali, a ga kwalin, a kuma ba mai mota tsofaffin kayan da aka cire ya gani da idonsa.

Ta ƙarshe: wa zai saita tayoyi bayan an gama, kuma wane lamuni kake bayarwa a rubuce? A gaban hannun tayar akwai wasu faranta na ƙarfe da suke daidaita inda taya ta dosa. Idan aka kwance hannun, dole a ƙirga su a ajiye na kowane gefe daban, sannan a kai mota a saita ta da na'ura. Wanda ya manta da wannan zai ga sabuwar taya ta cinye gefe guda, bayan mota kuma yana yawo a kan titi. Kuma in an buɗe gefe ɗaya, a buɗe ɗayan, domin shekarunsu ɗaya, girisinsu ɗaya, babu kuma wata kafa da aka bari ta ƙara musu giris daga waje.

Na san maganar da za ta biyo baya ita ce kuɗi. Gwani ya fi tsada, ga kuɗin aikawa, ga jira. Gaskiya ne. Amma a yi lissafin har ƙarshe. Aikin da aka yi da ka, idan ya lalace, sabuwar sanda zai ci, da sabon boris, wataƙila da gidansa, sannan a sake biyan ladan kwancewa da ɗaurawa. Jikin Corvette kuma ba ƙarfe ba ne, na faiba ne, taya in ta kubce ba lotsa shi take yi ba, farfasa shi take yi. Wannan duk dukiya ce, ana iya mayar da ita. Ran direba da na wanda yake tahowa a ɗaya hannun titin ba a mayar da su. Araha ba ta ado, balle a kan abin da yake riƙe taya.

Wani mai sauraro a Kano ko Maraɗi ko Kumasi zai ce, malam, mu ina muka ga Corvette? Gaskiya ba kasafai ake ganinta a titunanmu ba. Amma muna da tsofaffin Marsandi ƙirar W123, waɗanda aka fara fitarwa a 1976, kuma har yau wasu suna riƙe da su da daraja. Boris ɗin bayansu shi ma littafin kamfaninsa awo yake buƙata da agogo, da sifana ta musamman ta ɗaure notinsa. Kuma duk wanda ya taɓa zama a gareji ya ga yadda ake buga sabon boris da guduma da guntun bututu, a ƙasa, cikin ƙura. Kanikawanmu suna da basira da haƙuri, suna tayar da motocin da a wasu ƙasashe tuni an jefar. Abin da ya rage shi ne kayan awo da littafin mota su zama cikin kayan sana'a kamar sifana da jak. Agogon awo ba shi da tsadar da za ta gagari gareji mai ciniki. Mu ma masu motoci muna da laifi, domin mu ne muke tsayawa a kan bakanike muna cewa ya yi sauri muna da tafiya, muna kuma zaɓar wanda ya fi rage kuɗi. Sauri ya haifi nawa.

Saboda haka ga hukuncina. Boris ɗin baya na tsohuwar Corvette, da duk wani mai kama da shi, a ba wanda ya saba yin sa, yake da kayan aikinsa, yake faɗin lambar da ya samu kuma ya yarda ya rubuta ta a takarda. In babu shi a kusa, a kwance a aika masa, a yi haƙurin jira. Ku kuma 'yan'uwana kanikawa, idan aka kawo muku aikin da ba ku da kayansa, ku faɗi gaskiya ku nuna wa mai mota inda zai je. Hakan ba ya rage muku daraja, amana yake ƙara muku, kuma mai motar zai dawo da sauran ayyukansa.

A nan za mu dakata. Allah ya tsare mu a kan hanyoyinmu, ya sa albarka a sana'o'inmu.